Wata biyu ina zargin tantani, ashe ruwan sukarin ne

Wallahi har yanzu in na tuna inzayim ɗin da na ɓarnatar, wato sinadarin da ke cin sukari a jikin sensa, sai raina ya ɓaci. Aikin digirina na biyu ne, sensa, wato na'ura mai gano sukarin gulukos, irin dabarar da masana kimiyya Clark da Lyons suka fito da ita a 1962. Na ɗora inzayim ɗin, gulukos oksides, a kan ƙarfen fulatinom, na rufe da tantanin Nafion, wani siririn shafi mai kama da roba, don ya kore bitamin C mai rikita awo, duk wannan ya tafi lafiya.

Matsalar awo ce. Da safe in na haɗa ruwan sukari na tsoma sensa sai lamba ta fito ƙasa, kafin azahar ruwan nan dai, sensar nan dai, amma lamba ta hau. Ni kuwa na kafe tantanin ne ya yi kauri, ko yana kumbura a hankali. Na kankare na sake shafawa, na rage kauri har bitamin C ya fara kutsawa, na sake kankarewa, kuma kowace kankarewa da inzayim take tafiya, abin da sai an yi oda daga waje a jira makonni, ga kuɗin daga aljihuna ya fita.

Wani dattijo mai kula da lab ɗinmu ne ya gan ni ina jujjuya garin sukari a bika, kofin gilashin lab, zan tsoma sensa nan take, ya ce "'yata, yaushe kika haɗa wannan ruwan?" Na ce yanzun nan Baba. Ya ce in sa a firij ya kwana tukuna.

Ashe gulukos nau'i biyu ne, alfa da beta, garin da muke da shi nau'in alfa ne, shi kuma inzayim ɗin nau'in beta kaɗai yake ci. Sai garin ya zauna a ruwa yake juyewa a hankali daga alfa zuwa beta har beta ya kai wajen kashi 64 cikin 100. Ni ina auna abin da bai gama juyewa ba ina ɗora wa tantani laifi, tantanina na farko ma ƙila lafiyarsa ƙalau na kankare shi, wannan ya fi komai ci min rai.

Don Allah in sensarku tana hawa da kanta, kar ku taɓa tantani sai kun gwada da ruwan da ya kwana. Ni da ruwana ya kwana, washegari na auna da safe, na auna da la'asar, lamba ɗaya ta ba ni.