Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Yadi Ba Ya Tafiya

A makon jiya na tsaya a inda Baba ya cire ni daga makaranta ya danƙa ni a hannun Kawu, a shagonsa na ɗinki da ke bakin babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru. Niyyata ita ce in ci gaba da yadda na koyi yanka da ɗinkin babbar riga, amma tun da na ambaci Kawu wata magana tasa ta hana ni sakat, kuma idan ban sauke ta yanzu ba za ta riƙa kutsowa cikin kowane kashi da ya rage.

Kawu ya daɗe yana dattijo a ikilisiyarmu, amma ba kasafai ake ba shi wa'azi ba, domin muryarsa ba ta kaiwa bencin baya. Abin da aka san shi da shi daban ne. Idan mutum ya shigo shago ya zauna, Kawu yakan ɗauke ƙafa daga kan keke, ya ajiye almakashi, ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya. Duk yaron shagon da ya amsa gaisuwar baƙo kansa a sunkuye kuwa, sai ya ji an ce masa, "Ajiye almakashi tukuna. Yadi ba ya tafiya, mutum ne yake tafiya." A lokacin mun ɗauka ladabin ciniki kawai yake koya mana.

A watan Nuwamba na 1982, daren da Shugaban Kamaru Ahmadu Ahijo ya ba da sanarwar zai sauka daga mulki, Garwa ba ta yi barci ba, domin ɗan garin ne. Washegari shagonmu ya cika da maƙwabta, Musulmi da Kirista, kowa ya kasa kunne ga rediyon Kawu da ke rataye a ƙusa, ana murɗawa daga Yawunde zuwa BBC ana dawowa. Ana cikin haka wata gwauruwa 'yar ikilisiyarmu ta yi sallama da rigar makarantar ɗanta da ta yage a hammata. Kawu ya dube ta, ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Mutane suka yi ta guna-guni suka koma shagon mai gyaran takalma, ni kuma ya ce in zauna a bayan labule in ci gaba da sa maɓallai. Matar ta yi batun rigar, ta yi batun tsadar gero, ta yi batun ciwon ƙafarta, Kawu yana cewa "to" da "Allah ya sawwaƙe" kawai. Sai da ta gyara lulluɓi za ta tashi, sannan ta ce, "Malam, 'yan'uwan marigayi sun zo." Ashe so suke su kwashe yaran su kai ƙauye, su sayar da ɗakin da take ciki. Ranar Lahadi Kawu ya kai maganar gaban dattawa, kuma yaran nan a hannunta suka girma. Da rediyon nan ya ci gaba da magana, da rigarta za ta karɓa ta tafi, babu wanda zai san komai sai bayan an sayar da ɗakin.

Wannan ne ya sa har yau ban iya haɗiye abin da aka yi wa ƙanena ba. Dole in tsallake shekaru masu yawa a nan, aurena da rasuwar Baba duk za su zo a inda ya dace. A 2014, lokacin da hare-haren Boko Haram suka watsa Amshide da ke kan iyaka da Banki, ƙanena ya baro shagonsa da duk abin da ya tara, ya biyo ta Mora da Marwa ya iso gidana da matarsa da yara, ban da babban ɗansa. Bai ce komai a kan yaron ba, mu ma ba mu matsa masa ba. Da na ga ba ya ci, ba ya barci, sai na kai shi wurin wani babba a aikin ikilisiya, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Mutumin nan yana da waya biyu a kan tebur, kowace da layinta. Ƙanena ya fara magana, ɗaya ta yi ƙara, ya ɗaga ya yi batun simintin gini. Ya ce a ci gaba, ƙanena ya koma farko, ɗayar ta yi haske, ya sunkuya yana karantawa yana gyaɗa kai kamar yana tare da mu. Ƙanena bai ma kai ga daren da suka gudu ba, sai mutumin ya katse shi da ayar nan ta Romawa 8:28, cewa dukan abu yana aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah, ya yi gajeriyar addu'a, ya sa masa kuɗi a ambulan. Ayar gaskiya ce, kuɗin ma sun yi amfani, amma da muka fito ƙanena ya ce, "Yaya, kada ka sake kai ni wurin kowa." Mutumin nan yana gaya wa mutane cewa zaɓen dattawa ne ya raba mu. Idan yana karanta wannan, to ya sani ba zaɓe ba ne.

Matasa suna tsammani waya ce ta kawo wannan ciwo. Waya ta ƙara shi ne kawai, domin kafin ta akwai rediyo, akwai keke, akwai lissafin bashi da mutum yake yi a zuci alhali ana yi masa magana. Mu Kirista kuma muna da namu na musamman, wato ayar da muke shiryawa tun mai magana bai kai tsakiya ba. Karin Magana 18:13 ta kira amsa kafin a ji magana wauta da abin kunya, Yakubu 1:19 kuma ya sa saurin ji a gaba, sannan jinkirin magana. Abokan Ayuba sun zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai dare da rana ba wanda ya ce uffan, kuma a ganina wannan ne kaɗai abin kirkin da suka yi masa, domin da suka buɗe baki sai da Ubangiji ya tsauta musu a ƙarshe. Yesu kansa, yana fita daga Yariko da taro mai yawa, Urushalima da gicciye suna gabansa, ya tsaya cik saboda makaho Bartimawas da mutane suke kwaɓa, ya tambaye shi abin da yake so a yi masa. Kowa yana ganin mutumin makaho ne, amma duk da haka sai da ya bar shi ya faɗa da bakinsa.

Uwargida ba ta yarda da ni duka ba, kuma adalci ne in rubuta nata. Duk lokacin da aka karanta labarin Marta da ke ta hidimar baƙi da 'yar'uwarta Maryamu da ta zauna tana sauraron Yesu a zumuntar mata, takan dawo tana cewa an cika ɗora wa Marta laifi, ai da kowa ya zauna da baƙi sun kwana da yunwa. Takan kuma tuna mini cewa halin Kawu yana da tsada. Gaskiyarta ne. Na ga ya rasa masu kawo ɗinki a jajibirin Sallah da na Kirsimeti saboda ya ɓata yamma guda yana sauraron wanda ko zare bai saya ba, kuma bayan an karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, yadi da zare na waje suka yi tashin gwauron zabo, irin wannan asara ba ƙarama ba ce. Ya rasu bai gina gida na biyu ba, alhali yaran da ya koyar sun gina. Amma ranar jana'izarsa na ga limamin unguwa da 'yan kasuwa Fulani sun zauna a ƙofar gida tun safe, kowa da labarin ranar da Kawu ya ajiye masa almakashi.

Ƙanena bai buɗe baki ba sai daren 23 ga Janairu na 2022, da Najeriya ta kara da Tunisiya a filin Rumde Ajiya da ke nan Garwa a gasar cin kofin Afirka. Ranar Lahadi ce, yara duk sun tafi kallo, unguwa ta yi tsit, muna zaune a zaure cikin sanyin hunturu. Ya ce, "Yaya, ka san ni na aike shi?" Na kashe wayata na tura ta ƙarƙashin tabarma inda zai ga na yi hakan. Ya aiki babban ɗan nasa ne ya koma shago ya ɗauko kuɗin da ke cikin akwati, daga nan bai sake ganinsa ba. Ayoyi sun yi ta zuwa mini a baki, kalmar haƙuri ma ta zo, na danne su duka, domin da na furta ko ɗaya da ya ɗauka na ce ya isa haka. Idan ya yi shiru nakan jira, in shirun ya yi tsawo in ce, "Sai me ya faru?" Yara suka dawo suna jimamin ci ɗaya da aka yi wa Najeriya, na kore su cikin gida. Mun kai tsakar dare, kuma shi da kansa ya ce in yi addu'a. A wata na gaba ya koma sujada, amma a wata ikilisiya dabam.

A shagona yanzu akwai aljihun tebur da muke ajiye zare, a nan wayoyin yara suke kwana idan baƙo ya zauna a benci. Babban ɗana, wanda zai gaji shagon, yana ganin wannan tsohon yayi ne. Hujjarsa ita ce mata suna turo samfurin ɗinki ta WhatsApp, ana biyan kuɗi ta waya, kuma a makon ɗinkin zanin Ranar Mata ta Duniya, wato 8 ga Maris, kira ɗaya da ba a ɗaga ba ciniki ne ya koma shagon maƙwabci. Nakan ce masa yadi ba ya tafiya, shi kuma ya ce, "Baba, a zamaninku ke nan, yanzu yadi ma yana tafiya." Mun tsaya a kan cewa shi zai riƙe waya ɗaya a waje a bakin ƙofa, ni kuma benci nawa ne muddin ina zuwa shago.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda, zan koma baya in ba da labarin yadda Gwaggo ta ƙi auren da na kawo, da abin da Kawu ya je ya yi a gidansu uwargida.