Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Taron La'asar

Makon jiya na tsaya ne a inda aka ɗauke ni aikin rigakafin shan inna. Lokacin Kano ba ta daɗe da dawo da shi ba, a watan Yulin 2004, bayan dakatarwar da aka yi tun 2003, kuma zukatan mutane ba su kwanta ba saboda jita-jitar cewa maganin yana hana haihuwa.

A ayarinmu ni ce mai rubutu. Akwai mai ɗiga magani, ɗigo biyu a bakin kowane yaro ɗan ƙasa da shekara 5, akwai wakilin mai unguwa, sai wata tsohuwar ungozoma da muke kira Iya. Idan mun fito daga gida sai a yi alama da alli a bango.

Kullum da la'asar ake taron bita. Shugabanmu alƙaluma kawai yake tambaya: yara nawa, gida nawa suka ƙi. Mu faɗa, ya rubuta, a watse. Washegari mu koma gidajen nan, a sake rufe mana ƙofa. Iya kuwa ba ta cewa uffan, don ba wanda ya taɓa tambayarta, alhali ita kaɗai matan ke ja cikin ɗaki su yi mata magana.

Ranar da shugaban ya gaji, ya juya ya ce, "Iya, ke me suke gaya miki?"

Ta gyara mayafi ta ce, "Ɗan nan, ba duka ne ke tsoron hana haihuwa ba. Wata mijinta ne ya fita bai bar izini ba. Wata cewa take, zazzaɓi da ƙyanda na kwashe mata yara ba wanda ya leƙo, sai wannan ake biyo ta da shi har gida kyauta. Wata kuma ba ta manta gwajin maganin sanƙarau na 1996 ba."

Mu duk a takarda "sun ƙi" muke rubuta musu, kalma ɗaya.

Daga ranar aka raba aikin. Wakilin mai unguwa ya riƙa samun magidanta a masallaci bayan asuba, kafin su fita kasuwa. Ni kuma aka ce in riƙa rubuta dalilin kowane gida. Ƙorafin zazzaɓin nan dai ya fi ƙarfinmu; sai a 2006 aka fara haɗawa da abubuwa irin su sabulu da gidan sauro.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin gidan da maigidan ya fito mana da tabarya.