Zama na shida: idona ya yaudari harshena

'Yan uwa masu koyo, wata uku ke nan da muka fara wannan zama na ɗanɗana giyar ƙananan masu dafawa, irin wadda ba ta bugarwa, wato wadda barasarta ba ta wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. Mu huɗu ne, duk mako biyu mu haɗu, kowa da ɗan littafinsa. Zaman jiya ne ya fi ba ni kunya, shi ya sa zan fi tsayawa a kansa.

Kafin nan ga inda muka kwana. A zaman farko abin da muke iya rubutawa bai wuce "da daɗi" ko "da ɗaci" ba. Yanzu mun fara rarrabe ɗacin furen hop (wani tsiro da ake sa wa giya don ɗaci da ƙamshi), wanda ke tsayawa a can ƙarshen harshe, da baurin da ke busar da baki, da kuma gardin gasasshen sha'ir da ke sa baƙar giya irin su stout ta yi kama da gahawa. Mun kuma koyi jerawa: a fara da mai sauƙi kamar pilsner, wadda aka fara dafawa a birnin Pilsen na ƙasar Cek a 1842, a ƙare da mai kauri. Idan ka fara da IPA, wato giya mai yawan hop, ɗacinta zai mamaye bakinka, duk abin da ya biyo baya sai ka ji shi salam.

To, jiya ɗaya daga cikinmu, wanda muke wa lakabi da mai dogon hanci, ya zo da shawarar gwajin kofi uku. Ana zuba giya iri ɗaya a kofi biyu, wata dabam a na ukun, mai ɗanɗanawa bai ga an zuba ba, sai ya nuna bare a cikinsu. Ko da ka-cici-ka-cici mutum ya yi, zai dace sau ɗaya cikin uku, don haka dacewa ɗaya ba abin tinƙaho ba ce. Muka ɗauko pilsner biyu, ɗaya ita ce na daɗe ina yabo, ina cewa ko barci nake zan gane ta. Sau uku aka gwada ni, sau ɗaya na dace. Ashe takardar jikin kwalbar nake sha, ba abin da ke ciki ba. Dariyar da suka yi mini har yanzu tana kunnena.

Da muka zo kan giyar alkama sai abin ya sauya. Aka rufe mini ido, ina kai kofin hanci na ji ayaba da kanumfari sarai. Abin da ya ba ni mamaki shi ne babu ayaba babu kanumfari a cikinta, yis ɗin da ake tsima ta da shi ne ke fitar da wannan ƙamshin. Wannan ya tuna mini da dokar tsaftar giya ta 1516 ta Bavariya (wani yanki na Jamus ta yau), wadda ta yarda da ruwa da sha'ir da hop kaɗai, ko ambaton yis ba ta yi ba, alhali rabin halin wannan giyar daga wurinsa yake.

Kuskure biyu na yi, ina so ku kiyaye. Na farko sanyi. Na saka stout a firji har ta yi ƙarara, muka sha ba mu ji komai ba sai sanyin. Da muka bar ragowar ta huce kamar minti goma sha biyar, sai gardin ya buɗe, har da ɗan ƙamshin cakulan. Na biyu haske. Wata koriyar kwalba na manta a bakin taga da rana, da aka buɗe ta sai wari kamar an ƙona roba. Hasken rana ne ke lalata sinadarin hop, shi ya sa kwalba mai ruwan ƙasa ta fi koriya kariya, gwangwani kuma ya fi su duka.

Akwai wani abu da har yanzu muke gardama a kai. Wasu daga cikin irin wannan giyar da ba ta bugarwa suna da wani zaƙi kamar na ɗanyen tsiron hatsi, wanda ke nuna an tsayar da tsimin da wuri don kada barasa ta taru. Wasu kuma ana barinsu su tsimu sosai sannan a cire barasar, su kan fi bushewa a baki amma jikinsu bai da kauri. Mai dogon hanci ya fi son na farko, ni kuwa zaƙin nan yana gundurata tun kafin in kai rabin kofi.

A zama mai zuwa za mu rufe kwalabe duka da takarda, kofuna iri ɗaya, ruwa da busasshen burodi a tsakani don wanke baki. Kuma kowa zai rubuta nasa kafin wani ya buɗe baki, domin mun lura da zarar mutum ɗaya ya ce "lemo nake ji", sai duk mu fara jin lemo.