Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Rufin Ford

Makon jiya na tsaya a inda dattijon nan Ba'amurke ya ɗauke ni aiki a garejinsa da ke bayan garin Los Anjalas, bayan na shafe wata biyar ina wanke kwanuka a gidan abinci. Ba wata takarda na nuna masa ba. Bakin walda na gas ya miƙo mini da gutsuren faranti biyu, na haɗa su yana kallo. Shekara tara na yi a Panteka ta Kaduna ina walda da tukunyar kabaid, hannuna ya san wuta. Ya juya farantin, ya shafa bayansa da yatsa, ya ce in zo Litinin.

Motar da na tarar a tsakiyar garejin Ford ce ta 1932, mai ƙofa biyu da taga biyar, ba inji, ba kujeru, sai gangar jiki a kan ƙarafa. A wajen masu wannan sana'a babu motar da ta kai ta daraja, domin a shekarar ne Ford ya fara sa injin V8, mai silinda takwas, a motar da talaka zai iya saya. Samarin Kalifoniya suka riƙa sayen tsofaffinta da araha, su cire duk abin da ke da nauyi, su tafi busassun tafkuna irin El Mirage su yi tsere. Nan aka samo abin da suke kira hot rod, nan kuma aka samo al'adar rage tsayin rufi don kada iska ta riƙe mota. Yau yawancinsu don kwalliya suke yi, amma kuɗin da suke zubawa sai ka riƙe baki.

Inci uku mai motar yake so a rage daga tsayin rufin. Kafin zarto ya taɓa ta, kwana biyu muka yi muna tokare cikinta da bututun ƙarfe, tsaye da gicciye, saboda da zarar an raba rufi da ginshiƙansa jiki zai saki, ƙofa kuma ba za ta sake rufuwa daidai ba har abada. Dattijo ya zagaye kowane ginshiƙi da tef, ya auna sau uku, ya sha kofi, ya sake aunawa. Ni dai gabana faɗuwa yake. Da daddare na kira maigidana na Kaduna na ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai yaro, motar ta yi haɗari ne?" Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, lafiyarta ƙalau." Ya ce, "To Allah Ya shirye su, Ya shirye ka tare da su."

Yankan ya tafi lafiya. Inda na kwafsa daga baya ne. Irin wannan Ford ɗin tsakiyar rufinta ba ƙarfe ba ne, katako ne da raga aka lulluɓe da leda, don haka ake cike gurbin da faranti. Dattijo ya yi yini guda yana murza farantin tsakanin tayoyin ƙarfe biyu na wata na'ura da suke kira wilin Ingila, gaba da baya, har ya ɗauki ɗan doron da ido ba ya gani sai tafin hannu. Ya ɗiɗɗiga shi a gurbinsa, ya ce in ƙarasa, ya fita sayen kaya.

Ni kuwa na ce yau zan nuna masa ɗan Panteka. Na kama gefe guda na ja walda tiryan-tiryan kusan kamu biyu ban ɗaga ba. Ɗinkin ya yi kyau kamar zanen lalle. Da ya huce sai rufin ya lotsa, in ka danna nan ya ce ɓas, can ya taso, kamar gindin tsohuwar garwa. Walda in ta huce tsukewa take, ta janyo farantin da ke kewaye da ita. Na san haka sarai. Amma a gida mai mota na tsaye a kanka yana son fita lodi gobe, sai ka lafta fila ka goge, fenti ya rufa asiri.

Da ya dawo na ce masa ai fila za ta gyara. Bai yi faɗa ba. Ya ciro ɗan maganaɗisu daga aljihu ya manna a ƙofar motar, ya ce duk inda wannan ya ƙi kamawa a jikin motar da ta fita daga garejinsa, to sunansa ne ya faɗi ƙasa, domin maganaɗisu ba ya kama inda aka lafta fila. Sannan ya ba ni guduma, shi ya shiga ciki da ƙarfen tokara. Inci ɗaya za ka ɗinka, ka ajiye wuta, ka bubbuga ɗinkin tun da zafinsa don ya saki, ka tsallaka can nesa ka yi wani incin. Kwana huɗu muka yi muna kwance ɓarnar minti goma, kuma bai cire mini ko dala ɗaya a albashi ba, abin da ya fi duka ciwo ke nan.

Ranar Juma'a mai motar ya zo ya shafa rufin ido rufe, ya yi murmushi. Sai ya leƙa ta tagar baya, ya daɗe, ya kira dattijo gefe. Abin da ya gani, da yadda ya kusa raba ni da aikin, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.