Motata ce ta zaɓa mini sifanun da ke cikin akwatina

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, duk mai mota a Kaduna ya shiga lissafi, ni ma ban tsira ba. Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2005, wadda ta sha aiki a Amurka kafin ta iso hannuna, kuma a da ko ƙwan fitila ne ya mutu sai na ɗauko ta daga Unguwar Dosa na kai gareji, na ƙona mai zuwa da dawowa, na biya kuɗin aiki, sannan na ɓata rabin yini a kan benci ina jira. Da na zauna na duba, sai na ga yawancin abin da ke kai ni wurin bakanike ƙananan abubuwa ne, irin su juyen baƙin mai, da kan batir da ya yi farin gari, da fiyus da ya ƙone. Daga nan na ƙudiri aniyar haɗa kayan aiki a gida.

Sayayyata ta farko a hannun wani mai talla na yi ta, a bakin titi. Akwatin roba ne cike da sifanu da soket (kofunan ƙarfen da ake kifawa a kan noti a juya shi) da sukundireba, kowanne yana ƙyalli a raminsa, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ranar Asabar da safe na shiga ƙarƙashin mota domin juye, na ɗora sifana mai buɗaɗɗen baki lamba 14 a kan notin da ke toshe tukunyar baƙin mai, na ja. Maimakon notin ya motsa, sai bakin sifanar ya buɗe, ta zame, bayan hannuna ya daki ƙarfe har ya yi jini. Na sake gwadawa sau biyu, kuma a nan ne na yi ɓarnar gaske, domin kusurwoyin notin shida sun cinye, kansa ya koma kusan zagaye.

Dole na kira dattijon bakaniken da nake kai wa aiki. Mutum ne da ya koyi sana'a a zamanin Peugeot 504, lokacin da kamfanin haɗa motoci na Kakuri, wanda ya fara aiki a 1975, yake cika titunan ƙasar nan da su. Ya zo da filaya mai kullewa, ya damƙe kan notin da ita, ya kwance shi, ya aiki yaronsa ya sayo sabo da washarsa. Bayan ya wanke hannu sai ya jawo akwatin nawa ya zazzage a kan tabarma, ya shiga ware kayan gida biyu. Ɗaya tsibin ya yi yawa, ɗayan kuwa bai fi a ƙirga da yatsu ba.

Na ce, “Baba, waɗannan masu yawan fa?”

Ya ce, “Malam, rabinsu na awon inci ne, babu notinsu a jikin motarka. Sauran kuma ƙarfensu ɗanye ne. Da ka fara tambayar motar, da ta gaya maka abin da take so.”

Ya buɗe bonet ya yi ta nuna mini da yatsa. Motocin Japan kusan duk notinsu a kan lambobi kaɗan suke yawo, wato milimita 8, 10, 12, 14, 17, 19 da 21. Kan batir 10 ne, notin juye 14, notin taya 21, fulogi kuma soket lamba 16 yake sha. Ya ce da Peugeot ko Volkswagen nake da ita, da lamba 13 ce za ta fi yi mini aiki, tare da makullan nan masu kan tauraro. Wannan bayani na 'yan mintuna shi ne ya zame mini ma'aunin duk abin da na saya daga baya.

Ban koma na sayi wani babban akwati ba. Ɗaya bayan ɗaya na riƙa saye, duk wata gwargwadon abin da aljihu ya yarda. Na fara da sifanu masu baki biyu, gefe ɗaya buɗe, ɗayan zobe, kuma na koyi cewa da zoben ake karya ƙarfin noti domin yana kama shi ta kowace fuska, buɗaɗɗen bakin sai noti ya saki ake amfani da shi. Lamba 10 guda biyu na saya, saboda wani lokacin sai an riƙe bol ta baya ana kwance noti ta gaba, kuma ita ce ta fi saurin ɓata. Ana buga Cr-V a jikin sifana don nuna cewa ƙarfen yana da haɗin kuromiyam da banadiyam, amma rubutu ba shi da wuyar bugawa, shi ya sa nake shiga kasuwa da noti biyu a aljihu. Idan na saka noti a bakin sifana na ji yana rawa, sai na ajiye ta komai kyanta. A haka na gane cewa tsohuwar sifana 'yar Beljiyam, wadda ta yi duhu saboda aiki, sau da yawa ta fi sabuwa mai ƙyalli riƙo. Soket ma masu kusurwa shida na zaɓa, ba masu goma sha biyu ba, domin sun fi zama daram a kan noti mai taurin kai, na haɗa da hannun juya soket mai ƙarar ƙar-ƙar, da sandar ƙarin tsawo guda biyu, da soket ɗin fulogi mai roba a ciki wadda ke riƙo fulogin daga ramin injin.

Abin da ya fi damuna a wannan harka shi ne ɗaga mota, kuma a nan nake roƙon duk mai karatu ya tsaya ya saurara. Jak ɗin da ke zuwa da mota don canza taya kawai aka yi shi. Ranar da na lalata notin nan, a kansa kaɗai motar take tsaye ina kwance a ƙarƙashinta, kuma da Baba ya gani bai ɓoye ɓacin ransa ba. Ya ce ya san mutanen da mota ta danne a haka. Jak yana iya zamewa, jak mai aiki da matsin mai kuma yana iya saki a hankali ba tare da ƙara ba. Wasu kan jera bulo, alhali bulon siminti yana iya rugujewa farat ɗaya idan nauyi ya taru masa a wuri guda. Saboda haka na sayi ƙafafun ƙarfe guda biyu da ake dasa wa mota bayan an ɗaga ta, na ajiye katako mai kauri da nake shimfiɗa wa jak, musamman da damina lokacin da ƙasar tsakar gida ke laushi. Kafin na ɗaga sai na ja birkin hannu, na saka giya a P, na tokare tayoyin da ke ƙasa ta gaba da ta baya. Idan kuɗin mutum ba zai isa komai ba, ni a ganina waɗannan ƙafafun ya kamata ya fara saye, ko da zai jinkirta soket.

Na sauya wil-sifanar motar da mai baki huɗu, domin ana kama ta da hannu biyu. Ana sassauta notin taya tun motar tana ƙasa, ana ɗaure su a tsallake ba a jere ba. Sai daga baya na sayi sifanar awon ƙarfin ɗauri, bayan da na ga yadda wasu masu faci ke hawa kan sifana da ƙafa. Notin tayar wannan mota awo 103 na niyuton-mita yake bukata, abin da ya wuce haka wahala ce ga bol ɗin, kuma wahala ce ga wanda taya za ta sace masa a hanyar Zariya da dare. Gejin iska ɗan ƙarami ne amma yana biyan kuɗinsa, tunda taya mai ƙarancin iska tana ƙara shan mai. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, nawa 30 ne a awon PSI.

Ɓangaren wuta ne ya fi ba ni mamaki, domin da ƴar mitar awon wuta ɗaya na daina zargin batir a kan laifin da ba nasa ba. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan injin yana kashe, idan kuma an tayar da mota ya kamata ya hau tsakanin 13.5 da 14.5. In bai hau ba, to altaneta ce ba ta caji. Wata safiya motar ta ƙi tashi, mita ta nuna batir lafiya lau, ashe farin garin nan ne ya hana kan batir kamawa. Na fara cire baƙar wayar kamar yadda aka koya mini, domin idan aka fara da ja sifana tana iya taɓa jikin mota ta yi tartsatsi, na goge da burushin waya, na mayar, ta tashi bugu ɗaya. Fiyus kuwa kala ke bambanta su, ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kuma ba a maye ƙarami da babba, balle a ɗaura waya a gurbinsa. Na kuma sayi ƴar na'urar karanta matsalar injin, tunda duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da mashigarta mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Ta taɓa nuna mini lambar matsala P0301, wato silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai. Wurin ta nuna, ba ta faɗi dalili ba, sai da na musanya koyil ɗin da ke ba fulogin wannan silinda wuta da na silinda ta biyu, matsalar ta bi shi can, sannan na san abin da zan saya.

Sauran kayan ba su da dogon bayani: sukundireba mai faɗi da mai gicciye, filaya, guduma, tocilar goshi, mazurari, tsummoki, da daron tarar tsohon mai. Tsohon man a galan nake zuba shi na kai gareji, ba na zubarwa a kwata, domin ƙarshenta Kogin Kaduna zai nufa. Akwatin da ke ɗauke da su na ƙarfe ne, a Panteka aka ƙera mini shi, da hannu da wurin kwaɗo, kuma nakan shafa wa kayan ɗan mai kafin damina saboda tsatsa.

Akwai iyakar da ba na ƙetarewa. Aikin giya, da cikin injin, da duk abin da ya shafi man birki, har yau wurin Baba nake kai su. Zuwana na ƙarshe na tafi da akwatin a but, ya buɗe ya ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya yana juyawa, ya gwada soket lamba 14 a kan wani noti da ke kan bencinsa, ya ji babu rawa. Sai ya shiga ciki ya fito da tsohuwar filaya mai kullewa, irin wadda ya cire mini notin da ita, ya saka a cikin akwatin ya rufe.