Iskar da na toshe wa hanya ta ci mini sil da furen tumatir

Shekara shida ina ban ruwa da injin nan mai inci uku a gonata ta bakin kogi, wajen Wudil, bai taɓa ba ni ciwon kai ba. Irin wanda ke jawo ruwa da kansa ne: ka cika tukunyarsa, wato ɓangaren da ruwa ke zama a ciki, ka tayar, kafin minti uku tiyo ya kumbura. Bana na gina tafkin siminti a tudun gonar don ruwa ya riƙa gangarowa zuwa kowane fangali da kansa. Daga injin zuwa tafkin mita 150 ne, hawan kuma ya kai mita 12, shi ya sa na ajiye tiyo na sayo fayif na roba a Ƙofar Ruwa, muka haƙa rami muka binne.

An so in ɗauki mai inci biyu don rage kuɗi, na ƙi. Ruwan da zai bi inci uku idan ka matse shi a inci biyu, gudunsa ya fi ninki biyu, ƙarfin da zai salwanta a gogar bangon fayif kuwa ya kai ninki bakwai. Nan kam ban yi kuskure ba.

Inda na yi shi, a bakin injin ne. Na ɗaura bawul mai hana ruwa komowa a daidai mafitar, ba komai tsakaninsu. Tunanina shi ne kada ruwan da ya hau tudu ya dawo ya bugi farfela, wato fankar da ke tura ruwa a cikin tukunya, idan an kashe. Ranar farko komai ya tafi daidai, har maƙwabta suka zo kallo. Ashe don fayif ɗin fanko ne, iska ta ture murfin bawul ɗin ba wahala ta wuce.

Washegari da asuba na cika tukunya na tayar. Shiru. Injin na ta ruri, tiyon jan ruwa na rawa, tafki ko ɗigo. Na zargi ɓangaren ja, na ƙara ɗaure maɗauri, na shiga kogi na share matacin da ke bakin tiyon, na sake tayarwa. Na bar shi yana gudu fiye da minti ashirin ina cewa yanzu zai kama. Da na ɗora hannu a jikin tukunyar sai da na janye da sauri, ta yi zafi kamar murfin tukunyar tuwo. Na buɗe marfin sama, tururi ya taso, ni kuma na kwara ruwan kogi mai sanyi a ciki. Da na sake tayarwa sai ga ruwa yana tsiyaya ta tsakanin inji da tukunya. Sil, wato zoben da ke hana ruwa yoyo ta wurin, ya tsage.

Wani dattijon makaniki na ɗauko daga gari. Bai ko taɓa injin ba, ya tsaya yana kallon bawul ɗin.

"Ɗana, iskar da ke cikin tiyon ja, ta ina ka ce ta fita?"

Na ce, "Baba, ai injin da kansa yake fitar da ita."

Ya ce, "Yana turo ta dai. Ƙofar ce ka sa wa sakata."

Sai a lokacin na gane. Irin wannan injin yana gauraya iskar da ya zuƙo da ruwan tukunya, ruwan ya koma ƙasa, iskar ta fice ta mafita. To da dare tiyon ja ya zube, ya cika da iska, fayif ɗin tudu kuma cike yake taf. Ruwa mai tsayin mita 12 ya danne murfin bawul da nauyin da ya ɗara bar ɗaya a ma'aunin matsin ruwa, iska ba ta da ƙarfin ɗaga shi. Sai farfela ta yi ta juya ruwa ɗaya a wuri ɗaya har ya kusa tafasa. Ni kuma ina can cikin kogi ina neman laifin matacin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Gyaran bai kai aikin yini ɗaya ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Muka sa mahaɗa mai baki uku tsakanin injin da bawul ɗin, muka fitar da siririn fayif mai kashi uku cikin huɗu na inci da ɗan makunninsa, muka mayar da bakinsa kogi, a saman ruwa inda ido ke gani. Bayan bawul mai hana komowa muka ƙara na murɗawa, don a iya cire injin ba tare da ruwan tudu ya kwararo ba. Baban ya kuma nuna mini cewa nauyin bawul da gwiwar fayif duk a wuyan tukunyar alminiyon yake rataye. Muka zuba musu dakalin siminti, muka haɗa su da injin da guntun tiyo don girgiza ta tsaya a nan.

Amma neman sil da jiran makaniki sun ci kwana huɗu, tumatir kuwa na tsakiyar fure, ga iskar hunturu tana busar da ƙasa. Fangalin da ke can saman tudu furensa ya kaɗe, kwandunan da na samu a wajen ba su kai rabin na bara ba. Har yau idan na bi ta wurin raina sai ya sosu, don da na kashe injin a minti biyar na farko, ko da ban gane matsalar ba, da sil ɗin na nan.

Yanzu yaron da ke taya ni ya haddace. Ya cika tukunya, ya buɗe ɗan makunnin, ya tayar, ya zuba wa siririn fayif ido. Da farko huci yake yi, sai ya fara tofar da ruwa da kumfa, sai ruwan ya miƙe sak. Nan zai rufe, ka ji murfin bawul ya ɗaga, ruwa ya kama hanyar tudu. Idan minti biyar suka wuce bai miƙe ba, na ce masa ya kashe ya kira ni, ko ina masallaci ne ya jira in fito.