Me ya sa ɗalibin fiyano zai fara da baƙaƙen maɓallai?

Yawancin malaman fiyano suna fara koya wa ɗalibi jerin sautukan C, wato sautukan da ake bugawa bi da bi daga maɓallin da ake kira C har zuwa C na gaba, saboda duk maɓallansa farare ne, kuma yana da sauƙin karantawa a takarda. Ni a ganina, wannan sauƙi na ido ne kawai, hannu kuwa wahala yake sha.

Frédéric Chopin, shahararren makaɗin fiyano wanda aka haifa a ƙasar Foland a 1810, ya kuma zauna a birnin Faris tun daga 1831, inda ya yi koyarwa, da jerin B yake fara wa ɗalibansa, sai daga baya ya kai su ga C. Dalilinsa a bayyane yake ga duk wanda ya dubi tafin hannunsa: yatsun tsakiya uku dogaye ne, babban yatsa da ƙaramin yatsa kuwa gajeru. A jerin B, hannun dama yana ɗora dogayen yatsun a kan baƙaƙen maɓallai biyar, waɗanda suka fi tudu kuma suka fi nisa, babban yatsa kuma ya sauka a kan fararen maɓallan B da E, ta yadda zai ratsa ta ƙarƙashin 'yan'uwansa ba tare da an murɗe wuyan hannu ba. A jerin C kuwa, dole dogo da gajere su jeru a layi ɗaya, sai ka ga yaro ya ƙanƙame yatsunsa, kafaɗarsa ta ɗaga, sautin ya fito a bushe.

Littafin atisaye sittin na Hanon, wani malamin fiyano Bafaranshe, wanda ya fito a 1873, a kan fararen maɓallai ya fara, yana kuma umartar ɗalibi ya riƙa ɗaga yatsu sama sosai. Ban ce a jefar da shi ba, amma yatsa na huɗu daga babban yatsa, wanda jijiya ta ɗaure shi da na tsakiya, ba zai taɓa ɗaguwa kamar manuniya ba, kuma tilasta masa ciwo yake jawowa. Chopin bai nemi yatsu su zama daidai wa daida ba. Ya yarda kowanne da irin muryarsa.

Saboda haka nake roƙon malamai su gwada wannan: ɗalibi ya buga jerin B da hannu ɗaya, a hankali, gwiwar hannu a sake, yana sauraron kowane sauti har ya ƙare kafin ya taɓa na gaba. Da zarar ya ji zafi a wuyan hannu, ya dakata, malam kuma ya fara duba tsayin kujerarsa.